Daga Boɗinga Zuwa Shagari: Walimar Auta

A wannan wata labarin tafiya na kawo muku. Ba tafiya ce mai nisa ba, domin ko jihar Sakkwato ban bari ba, amma abin da na gano a cikinta har yau yana yi mini yawo a zuciya.

A hunturun farkon shekarar 2024 ne, wata ranar Laraba bayan na taso daga Islamiyya, wayar Gwaggona ta shigo. Gwaggo yayar mahaifina ce, tana zaune a garin Shagari tun kafin a haife ni. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Malama, ran Assabar ki taho, walima za mu yi." Na ce, "To Gwaggo, wa ya yi sauka? Ko aure aka ɗaura ban ji ba?" Ta ce, "Ba ko ɗaya. Ƙanwakki Auta ta sauke Fatiha." Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ji muryarta babu alamar wasa. Nan take kunya ta rufe ni, kuma zan faɗa muku dalili.

Auta muke kiranta a gida, a nan ma haka zan kira ta. A lokacin shekarunta 27. Gwaggo ta haife ta bayan ta haura shekara 40, kuma tun tana jaririya aka ga ba kamar sauran yara take ba. Jikinta laƙwas, ta daɗe ba ta zauna ba, ba ta taka ba sai da ta kusa shekara 4, magana kuwa har yau sai wanda ya saba da ita yake fahimtar dukkan abin da take cewa. Mutane suka yi ta faɗin albarkacin bakinsu. Wasu suka ce 'yar ruwa ce, har da masu ba da shawarar a kai ta bakin gulbi a ajiye. Gwaggo ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta goya abarta.

Inda nawa laifin yake shi ne, a shekarar 2012, ina sabuwar kammala Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, na je hutu gidan Gwaggo. Ta roƙe ni in koya wa Auta Fatiha tunda na zama malama. Na ɗauko allo da ƙarfina, muka yi mako guda muna abu ɗaya, ko ayar farko ba ta zauna ba. Na gaji, na ce, "Gwaggo, ki bar wahalar da kanki, irinsu an ɗauke musu alƙalami." Ba ta ce mini komai ba, sai ta jingine allon a bayan ƙofa. Wannan ita ce yarinyar da aka ce in zo walimar saukar Fatiharta bayan shekara 12.

Zango na farko: Boɗinga

Ranar Asabar na yi sammako, domin a halin tsaron da ake ciki ba wanda yake son dare ya riske shi a hanya. Motarmu ta kama titin da ya yi kudu daga Sakkwato, wanda ya bi ta Boɗinga da Shagari ya wuce Tambuwal har zuwa Jega. Hazo ya rufe gari, an girbe gero da dawa, gonaki sun zama fili sai kara da shanu masu kiwo. Nan ka ga jaki ɗauke da ita ce, can ka ga raƙumi yana tafiyarsa ta ƙasaita a gefen kwalta. Itatuwa duk sun kaɗe, in ban da gawo da ya yi kore shar a tsakiyar gonaki.

Cikin kamar rabin awa muka isa Boɗinga, inda zan sauka in ɗauki wata 'yar uwata da nake kira Yaya, domin Gwaggo ta ce lallai kada in zo ba tare da ita ba. Boɗinga ƙaramin gari ne mai babban tarihi. A nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna lokacin da yayansa Shehu Usmanu yake Sifawa, wadda ke nan kusa, kafin Shehu ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a 1817. Zaman Sifawa zama ne na karantarwa da rubuce-rubuce. Ina tsaye a bakin titi sai na tuna da abin da muka karanta a littafin Shehu mai suna Nurul Albab, inda ya soki malaman da suke karantar da almajirai a waje, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida. Na ce a raina, ke nan ni ma ina ciki. Shekara da shekaru ina karantar da 'ya'yan mutane, ga 'yar uwata ta jini na yanke mata hukunci cikin mako guda.

Na tarar da Yaya ta shirya, amma jikinta a sanyaye. Muna gaisawa na ji motsi daga ƙuryar ɗaki. Ɗanta na fari ne, wanda saboda alkunya ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "yaron nan". Shekarunsa 16. Lafiya lau aka haife shi, kwana uku da haihuwa idanunsa suka yi rawaya, aka ce shawara ce a riƙa shanya shi a hantsi. Kafin a kai shi asibiti ya daina kama nono, ya fara sanƙarewa. Ya rayu, amma ba ya tafiya, hannuwansa ba sa bin umarninsa, kuma ba ya ji sosai. Na shiga na gaishe shi, ya bi ni da ido yana murmushi, idon mai hankali ƙwarai. Na tambayi Yaya yaushe rabon da a fito da shi tsakar gida. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, bakin mutane nika gudu. In baƙi sunka zo sai in ja labule." Ta bar shi a hannun surukarta, muka fito.

A cikin mota

Daga Boɗinga zuwa Shagari ma ba nisa, amma hirar da muka yi ta fi hanyar tsawo. Yaya ta ce ita ba ta ga abin walima ba, tunda duk galahanga ce, kuma ba ta da magani. Na ce mata kalmar nan ta galahanga mun mayar da ita buhu, muna zuba larurori daban-daban a ciki, alhali abin da ya sami Auta daban, abin da ya sami yaronta daban.

Ita Auta da larurarta aka halicce ta. Kowane ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom guda 46 a cikin ƙwayoyin halittar jikinsa, masu irin larurarta kuwa 47 gare su, saboda ƙari guda a kan na 21. Ana kiranta larurar Down, da sunan likitan Ingila John Langdon Down da ya bayyana siffofinta a 1866, kuma sai a 1959 aka gano musabbabinta a Faransa. Ana samunta a kusan haihuwa 1 cikin 1,000, a kowace ƙasa da kowace ƙabila. Yiwuwarta tana ƙaruwa idan shekarun uwa sun ja, amma masu ƙuruciya ma suna haifa. Ba aljani, ba sammu, ba laifin uwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware ranar 21 ga Maris domin masu ita, ana kuma raya ranar a hukumance tun 2012.

Shi kuwa yaron Yaya, shawarar jarirai ce ta yi yawa a jininsa har ta taɓa ƙwaƙwalwa, musamman ɓangaren motsi da na ji. Irinsu sau da yawa fahimtarsu tana nan, jiki ne ya ƙi ba su haɗin kai. A nan zan ja hankalinmu, iyaye mata da kakanni: idan idon jariri ko fatarsa ta yi rawaya a kwanakin farko, musamman in ya rage shan nono ko barcinsa ya yi yawa, asibiti za a nufa a ranar. Akwai fitila mai shuɗin haske da ake sa jariri a ƙarƙashinta, wadda take rage shawarar kafin ta yi ɓarna. Hantsi da jiƙe-jiƙe ba su isa ba. A kuma nisanta kafur daga kayan jariri, domin yana fasa jinin wasu jarirai ya tsananta shawarar. Yaya ta yi shiru, can ta ce, "Da na sani." Na ce, "Yaya, wancan ya wuce, Allah Ya ƙaddara. Mu je mu ga abin da ya rage a hannunmu."

Zango na biyu: Shagari

Duk wanda ya ji sunan Shagari, Alhaji Shehu Shagari yake tunawa, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, wanda ya rasu ranar 28 ga Disamba 2018 yana da shekara 93, aka kuma kawo shi nan mahaifarsa aka binne. Abin da yara da yawa ba su sani ba shi ne, kafin siyasa malamin makaranta ne. To a wannan gari na malami, malamar da ta fi burge ni ba ta da takardar shaida ko ɗaya.

Mun tarar da tsakar gidan Gwaggo cike da mata: maƙwabta, surukai, jikoki. An dafa shinkafa, an soya masa, ga fura da nono a ƙwarya. Sai ga Auta ta fito cikin sabuwar atamfa da farin hijabi, da tabarau a idonta, tana washe baki. Ta rungume ni ta ce, "Malama!" Ashe ba ta riƙe ni a rai ba.

Bayan azahar Gwaggo ta sa aka yi shiru. Auta ta ɗauki buta da kanta, ta tsuguna a gaban mutane ta yi alwala tun daga wanke hannu har zuwa ƙafa, ba ta tsallake gaɓa ko ɗaya ba, ba wanda ya taɓa ta. Sannan ta zauna a kan tabarma, aka ajiye mata wani gwangwani da tsakuwa 7 a gabanta. Duk ayar da ta karanta sai ta jefa tsakuwa ɗaya a ciki. Ta yi ta farko, ta biyu, har ta biyar. A ta shida sai ta tsaya cak. Gida ya yi tsit. Bakina har ya buɗe zan ɗora ta, irin ta malamai, sai Gwaggo ta ɗaga mini hannu. Auta ta dubi tsakuwa biyun da suka rage, ta juye gwangwanin, ta koma farko. A wannan karon ba ta tsaya ba sai da tsakuwa ta bakwai ta yi ƙara a cikin gwangwani.

'Yan uwa, guɗar da aka yi a gidan nan ko a ɗaurin aure ban taɓa jin irinta ba. Haruffanta ba su fita duka ba, ni malama na sani. Amma na tuna hadisin da Nana A'isha (RA) ta ruwaito, wanda yake nuna cewa mai karatun Alƙur'ani da ƙyar, yana fama da shi, lada biyu gare shi. Na waiwaya na ga Yaya ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

Makarantar Gwaggo

Da mutane suka ragu na matsa kusa da Gwaggo na nemi gafararta kan maganar 2012. Ta ce, "Ba ki yi ƙarya ba, ɗiyata. Ni ma ban ce an wajabta mata ba. Amma in na tada salla sai ta tsaya bayana tana motsa baki. Mi za ya sa in hana mata abin da ranta ka so?"

Ta ce abin da ya tashe ta tsaye shi ne rasuwar maigidanta a 2016. A daren ta dubi Auta, mai shekara 19, ko wanka sai an yi mata, ta tambayi kanta: in ni ma na bi shi fa? Tun daga ranar ta daina yi mata abin da za ta iya koya. Ga yadda ta bi, ko wata za ta amfana.

Na farko, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Alwala ba a rana ɗaya ta koya mata ba. Da farko ita take yi mata komai, sai ta bar mata wankin ƙafa na ƙarshe, domin kullum a tashi Auta tana jin ita ta gama. Da wannan ya zauna sai ta bar mata shafar kai da kunne, haka har suka komo farkon alwala. Shekara 3 suka yi. Mun karanta wannan dabara a kwaleji da dogon Turanci, ita kuwa tausayi ne ya koya mata.

Na biyu, lokaci ɗaya kullum, kuma kaɗan. Bayan asuba da bayan magariba, ba ya wuce tsawon shan kunu. Fatiha ta ci shekara 5. Akwai daminar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Auta, ta tashi aya biyu sun zube, suka koma baya ba tare da faɗa ba.

Na uku, a duba lafiyar jiki. Wata jikar Gwaggo ce ta lura Auta tana kai abu dab da fuska kafin ta gane shi. Aka kai ta Sakkwato aka auna ido aka ba ta tabarau, daga nan koyonta ya ƙara sauri. Masu larurar Down suna yawan samun matsalar gani da ji da ta ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, kuma kusan rabinsu ana haihuwarsu da matsalar zuciya. Sau da yawa abin da muke kira taurin kai, rashin ji ne ko rashin gani.

Na huɗu, a yaba. Gwaggo ba ta auna Auta da 'yar kowa, da jiyanta take auna ta. Yanzu tana wanka da kanta, tana kula da tsaftarta lokacin al'ada, wanda shi ma ya ci shekara 2 ana koyo, tana wanke-wanke, tana ba awaki dusa, tana kuma miƙa ƙuli-ƙuli ga masu saye a cikin gida, ta gane naira 100 da 200 da launinsu. Sannan an koya mata dokoki uku da take maimaitawa kamar karatu: ba mai ganin jikinta sai Inna da Yaya, ba ta bin kowa ko da ya ba ta alewa, kuma duk abin da aka yi mata ta faɗa wa Inna. Wannan kada mu yi wasa da shi, domin marasa tsoron Allah irin waɗannan bayin Allah suke hari.

Na ce, "Gwaggo, ga shi ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ta yi dariya ta nuna mini wani gawo a bayan katanga ta ce, "Wanga fa? Da damina kowane icce na ganye, shi yana tsaye ƙwarangwal. Sai kowa ya kaɗe shi ka tohowa. Kowa da lokacin da Allah Ya yanka mai."

Bayan uwa fa?

Ashe walimar ba ta Fatiha kaɗai ba ce. Da la'asar Gwaggo ta tara 'ya'yanta, ta yi maganar da yawancinmu muke gudu. Ta ce ta doshi 70, tana son a san inda Auta za ta zauna bayan ranta. Ba ta ɗora wa kowa ba, sai da ta tambayi matar babban ɗanta a gaban kowa ko ta yarda, domin ita ce za ta yi hidimar, ba mijinta ba. Matar ta ce ta yarda, sauran 'yan uwa kuma kowa ya faɗi abin da zai riƙa kawowa. Tuni ma Auta ta fara kwana a gidansu duk daren Juma'a domin ta saba. Rabonta na gadon mahaifinta, wani yanki na gona da awaki, an rubuta shi a takarda da shaidu, domin larura ba ta hana gado a Musulunci. Waliyyi ne yake kula da dukiyar, a ciyar da mai ita a tufatar da shi daga cikinta, a kuma yi masa magana mai daɗi, kamar yadda farkon Suratun Nisa'i ya karantar.

Komawa gida

Muka kamo hanya da sauran rana. Yaya ba ta ce uffan ba har muka iso Boɗinga. Da za ta sauka sai ta ce in shigo minti biyar. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta shiga ɗaki, muka kama yaron tare muka fito da shi. Ya ɗaga kai yana kallon sama, yana bin tattabaru da ido, yana wata irin dariya. Wata maƙwabciya ta leƙo, Yaya ta ce, "Shigo ki gaisa da yaron nan." Labulen bai sauka ba.

Bayan wata biyu ta kira ni ta ce sun fara zuwa gashin ƙashi a Sakkwato, kuma an auna kunnensa. Ba zan ce muku ya miƙe ya yi tafiya ba. Amma yanzu yana riƙe cokali mai kaurin mariƙi, rabi a baki rabi a ƙasa, kuma ranar da ya fara kai shi baki Yaya ta soya ƙosai ta raba wa maƙwabta. Ni ma na je na sami shugaban makarantarmu, yanzu akwai yara biyu masu irin wannan larura a ajina, a sahun gaba.

'Yar uwa, idan Allah Ya jarrabe ki da irin wannan ɗa, ko ya kai 20 ko 30, ƙofar koyo ba ta rufe ba. Ki fara da abu ɗaya a wannan mako. Ki kai shi a duba ido da kunne. In yana da ƙuruciya ki nemi makaranta, akwai irin su makarantar masu buƙata ta musamman ta A. A. Raji a Sakkwato. Ki kuma sani cewa dokar hana nuna wa masu larura bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi, ta kuma hana a yi bara da su. Tun kafin doka, addininmu ya riga ya nuna mana matsayinsu, domin saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum (RA), aka saukar da farkon Suratu Abasa. Ke kuma da Allah Ya ba ki masu lafiya, in kin shiga gidan da ake jan labule, ki nemi a ɗaga, ki gaisa da wanda ke ciki, ki kama wa uwarsa aiki ko na awa guda ne ta samu ta huta.

Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Gwaggo ta ce sun shiga Ƙulhuwallahu, tsakuwa 4 ke cikin gwangwani yanzu, kuma ta ce in shirya zuwa wata walimar. Allah Ya kai mu da rai da lafiya, Ya saka wa iyayen da ke wannan hidima da Aljanna Firdausi, Ya shirya mana zuriya baki ɗaya.